Hodar Harsashi a Bindigar Toka?

Tambaya: Baba, ni sabon maharbi ne, na gaji bindigar toka. Albarushi ya yi tsada. Ko zan iya farke harsashin zamani in ɗura hodarsa? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Ɗana, kul! Wannan hodar marar hayaƙi ce, ƙarfinta ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Bututun maƙeri ba zai ɗauka ba, fashewa zai yi ya tafi da yatsu ko ido. Ko gauraya su kada ka yi. Tsaya kan baƙin albarushi, kada ka wuce awon maƙerinta. Dalma kuwa, ƙanana ga zabo da fakara, manya ɓata nama suke yi. Lasisi fa? Dokar makamai ta 1959 tana nan, je wurin 'yan sanda tukuna.