Me ya sa amsar wasan nan sifili ce?

Malam, kana tambaya kan wasan da kowa ke zaɓar lamba daga 0 zuwa 100, wanda ya fi kusa da kashi biyu cikin uku na matsakaicin lambobin ya ci.

Ko kowa ya ce 100, abin nema ba zai wuce 67 ba, sai mai hankali ya watsar da duk lambar da ta fi haka. In kowa ya yi wannan lissafin, iyakar ta sauko 44, sai 30, har sifili.

Amma fa sai kowa ya yarda da hankalin kowa. Da masanin tattalin arziki Richard Thaler ya gwada masu karanta jaridar Financial Times da wasan a 1997, 13 ce ta ci. Ni kam, in da kuɗi a ciki, ba zan ce sifili ba.