Ku Tambaya: Wahayin mai addu'a ko Littafi Mai Tsarki?

Tambaya: Baba Fasto, na daɗe da aure ban sami haihuwa ba. Wata ƙawata ta kai ni wurin wani mai addu'a, ya ce Allah ya nuna masa cewa uwar mijina ce ta ɗaure mini ciki, in daina gaishe ta, in daina cin abincinta. Da na ce zuciyata ba ta kwanta ba, sai ya ce wai ina gardama da Ruhu. Ina zan dosa? (Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Jos)

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Na zauna da mata da yawa masu wannan jira, na san yadda gaisuwar suna a gidan maƙwabta takan zama musu nauyi. Amma ba zan ɓoye miki ba: kada ki bi wannan magana.

Allah ba ya faɗin abu a Littafi sannan ya warware shi a mafarkin wani. A Romawa 12:18 an umarce mu mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa. A Matiyu 5:44 Yesu ya ce ko maƙiyi ma a ƙaunace shi, a yi masa addu'a. To, ko da a ce zargin gaskiya ne, ina aka ce a yanke gaisuwa? Balle ba shi da shaida ko ɗaya, sai "an nuna mini".

Kuma tambayar da kika yi ba gardama da Ruhu ba ce. Bulus da kansa ya yi wa'azi a Biriya, mutanen garin suka riƙa bin Nassi kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, aka kuwa yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). In an bincike manzo, wa zai ce shi ya fi ƙarfin bincike? Bulus ya ce kada a rena annabci, amma nan take ya ƙara da cewa a gwada kome. Ya gaya wa Galatiyawa cewa ko mala'ika ne ya zo da wata bishara dabam, kada a karɓa.

Watakila mutumin nan ya jawo miki aya, don sukan yi haka. Ki tuna Shaiɗan ma ya jawo wa Yesu Zabura 91 a lokacin gwaji, ya ce ya faɗa daga ƙololuwar Haikali. Yesu ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a. Saboda haka in an karanta miki aya, ki buɗe naki Littafin, ki karanta babin tun daga farko, ki ga da wa ake magana, a kan me. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, mutane irin su Likita Miller na Zariya sun sha wahalar fassara don mace kamarki ta karanta da idonta. Yana ba ni takaici in ga Littafi kwance a kan talabijin, ƙura ta rufe shi, mai shi kuwa ta hau keke-napep ta tafi neman wanda zai gaya mata abin da Allah ya ce.

Ki gaya wa maigidanki duk abin da ya faru, kada ya ji a bakin wani. Ku je asibiti ku biyu a duba ku, domin jinkirin haihuwa yakan fito daga wajen miji kamar yadda yakan fito daga wajen mata. Ki sami fastonku ko uwar zumunta ku yi addu'a tare. Ranar Lahadin nan kuma, in an tashi sujada, ki biya ki gaida Mama.