Likita, me ya sa suka rufe wa Baba ƙarin ruwa?

Tambaya: Salam Likita. Mahaifina aka yi wa tiyatar ƙashin cinya, sati biyu yana kwance, kwatsam numfashi ya sarƙe masa aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman, wai ɓangaren dama na zuciyarsa ya gaza. Jininsa ya sauka sosai amma a gabana nas ta rufe ruwan, har allurar sa fitsari suka yi masa. Wlh na kasa bacci, anya ba sakaci ba ne?
Daga wata 'yar'uwa, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ban duba shi ba, amma yadda kika faɗa ɗin nan ni ban ga sakaci ba.

Kin ga ɓangaren dama naman jikinsa siriri ne, aikinsa kawai tura jini cikin huhu, bai saba da dambe ba. To doguwar kwanciya bayan tiyata na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanyar huhu, zuciya na turawa ƙofa a rufe, sai ta kumbura har ta danne ɓangaren hagu, jini ya sauka. A haka in an yi ta ɗura ruwa kumburin ake ƙarawa, jijiyar wuya ta miƙe, hanta ta cika, ƙoda ta ja baya. Shi ya sa ko za a ba da ruwa ba a so ya wuce rabin lita, shi ma sai an ga alamar jiki na buƙata a hoton zuciya. In zuciyar ta riga ta cika kuwa Lasix, wato allurar sa fitsarin nan, ake yi a rage mata kaya.

Jinin da ya sauka da maganin noradrenaline ake ɗaga shi, ta wannan ƙaramin injin da ke tura sirinji a hankali gefen gado, wani lokaci a haɗa da dobutamine mai ƙara wa zuciya ƙarfin bugawa. Sai oksijin, sai heparin don kar gudan ya ƙaru. Allurar narkar da gudan kuma akwai haɗarin zubar jini ga wanda bai daɗe da tiyata ba, kar ki yi mamaki in suna jan ƙafa a kanta.

Gobe in likitoci sun zo zagaye dan Allah ki tsare babbansu cikin ladabi ki tambayi me hoton zuciyar ya nuna, haƙƙinku ne. Ki riƙa leƙa jakar fitsarin nan ma da ke rataye jikin gado, in tana taruwa ƙoda ta fara samun jini ke nan.