Ɗaukar hoton mutum ba da saninsa ba

Malam, ka tambaya ko laifi ne ka ɗauki hoton wanda ba ka sani ba a bainar jama'a. Ya danganta. Mahayin da ya sha ado a Hawan Daushe don a gan shi ya fito, ɗauki abinka. Amma tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin titi, ko almajiri da robarsa, neman abinci ne ya fito da su. Yi musu sallama, ka nemi izini. Galibi za su yarda, wata ma sai ta ce bari ta gyara mayafi tukuna. In aka ƙi, mayar da wayarka aljihu. Matar aure kuwa kada ma ka soma, balle ka ɗora ta a Facebook.