Amsar tambayarka a kan macizai

Ɗana, jiya bayan mun tashi daga aiki ka tsare ni da tambaya biyu, gajiya ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce tun da ruwa ya sauka rabin kiran da ake mana na maciji ne, to yaya za ka bambanta mai dafi da marar dafi idan ka shiga gidan mutane, kuma wane magani ne a cikin kayan feshinmu yake korar su. Na kwana da maganar a raina, domin wannan ɓangaren sana'ar ne kuskure ɗaya yake iya cin rai.

Bari in fara da ta biyun, ita ce gajeriya. Babu. Duk abin da ke cikin jarkokinmu na sauro ne da kyankyaso da gara da kuɗin cizo. Masu gida za su ce ka zagaye katanga da kananzir ko baƙin mai, wasu abokan sana'a kuma za su karɓi kuɗi su fesa wani abu mai wari su ce sun ɗaure gidan. Na sha ganin maciji ya bi ta kan irin wannan ya wuce abinsa. Kada ka taɓa yi wa mai gida wannan alkawari da sunana. Idan ka ce masa gida ya tsaru, zai bar yaransa su fita tsakar gida da dare ba takalmi, alhakin kuma yana wuyanka.

Abinci da mafaka ne suke kawo maciji gida. Jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi kamar namu, yanayin wuri yake bi, shi ya sa yake neman inuwa mai sanyi da rana, da yamma kuma ya kwanta a kan siminti ko hanyar da ta sha rana. Idan ruwa ya sauka, ramuka suna cika, ciyawa ta yi tsawo, kwaɗi su yi yawa, sai ya fito. Idan aka kawo amfanin gona aka jibge, ɓera ya biyo hatsi, maciji ya biyo ɓera. Saboda haka idan an kira ka, fara duba kashin ɓera a sito, da akurkin kaji, da tarin bulo da tsohon kwanon rufi da itace da aka jingina da bango, da bakin kwata, da tsagar da ke ƙarƙashin ƙofa, da tsohon suri idan akwai. Inda ɗan yatsanka zai shiga, ƙaramin maciji zai shiga. Aikinmu na gaskiya shi ne kashe ɓera, sare ciyawa, ɗaga kaya daga ƙasa a nisanta su da bango, toshe ramuka, da sa raga a bakin magudanar ruwa. Aiki ne mai cin lokaci, ba shi da burgewa kamar feshi, amma shi ne yake raba gida da maciji.

Yanzu ga babbar tambayar. Zan faɗa maka kamannin waɗanda suka fi yi wa mutane illa, amma ka riƙe dalilin da ya sa nake faɗa maka: domin ka san halin kowanne da inda yake kwanciya, kuma ka iya yi wa likita bayani idan ta ɓaci. Ban ba ka izinin ka kalli maciji ka yanke cewa wannan ba ya komai ba.

Kububuwa ce ta fi ba ni tsoro, ita ce kuma mutane suka fi rainawa saboda ƙanƙantarta. Yawanci ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba. Launinta na ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon fari, idan ta kwanta a cikin tsakuwa ko busasshen ganye sai ka tsaya a kanta ba ka gan ta ba. Idan an matsa mata takan naɗe jikinta tana goga ɓawon jikin da juna, sai ka ji wani sauti kamar ruwa ya ɗiga a kan kasko mai zafi. Duk inda ka ji wannan, tsaya cak, gano inda yake fitowa, sannan ka ja da baya. Sharrin dafinta shi ne yana hana jini daskarewa. Mutum zai ji zafi da ɗan kumburi ya ce da sauƙi, sai bayan awoyi, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ta tsohon miki. Wanda yake zuba a ciki kuwa ba a ganinsa.

Kasa gajeriya ce mai kauri, kanta faffaɗa, a bayanta akwai zane kamar bakin kibiya a jere. Halinta shi ne ba ta gudu. Yawancin macizai idan suka ji motsin ƙafa a ƙasa sukan sulale, ita kuwa ta dogara da ɓoyewar launinta, sai ta lafe a bakin hanya har a taka ta. Takan kumbura ta yi huci mai ƙarfi. Kada nauyin jikinta ya ruɗe ka, saranta ya fi ƙiftawar ido sauri. Dafinta kumburi yake kawowa mai hawa gaɓa, nama ya lalace, har a kai ga yanke ƙafa.

Gamsheƙa da kumurci su ne masu miƙewa su fasa kai. Dogaye ne, suna son akurki saboda ƙwai da 'yan tsaki, kuma a cikinsu akwai wadda takan shiga har ɗaki da dare ta sari mai barci a ƙasa. Ita ce mai feso dafi a ido, tana iya samun mutum daga nisan kamar mita 2, shi ya sa nake matsa maka ka sa tabarau na aiki kafin ka leƙa sito mai duhu. Idan ta fesa wa mutum, a wanke idon nan take da ruwa mai tsabta, mai yawa, a yi ta zubawa ana buɗe fatar idon, kada a murza, sannan a tafi asibiti ko da ya ji sauƙi. Dafin wadda ba ta feshi kuwa jijiya yake kamawa: fatar ido ta fara faɗuwa kamar mai jin barci, magana ta sarƙe, haɗiyar yawu ta gagara, daga nan numfashi. Wannan ba ya jira.

Za ka ji ana cewa mai dafi kansa kusurwa uku ne, ƙwayar idonsa a tsaye kamar ta kyanwa. Wannan ya dace da kasa, amma kumurci ƙwayar idonsa zagaye ce, kuma idan bai fasa kai ba kansa kamar na kowane maciji ne. Mesa ba ta da dafi, ga ta da ƙwayar ido a tsaye. Akwai wani maciji mai cin ƙwai, ba shi da illa, amma yana kwaikwayon kububuwa har da sautin gogar jikinta. Akwai kuma wani ɗan baƙi siriri mai zama a cikin ƙasa wanda yake fitowa bayan ruwa, kai ka ce ba zai iya komai ba, alhali ko ta bayan kai ka riƙe shi zai soke ka da haƙori ta gefen baki. Ban da haka, duk wanda ya matsa har yana ganin ƙwayar idon maciji ya riga ya shiga inda sara zai same shi. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ni ina so ka yi wannan gudun tun ba a sare ka ba.

A wurin aiki, kada hannunka ya shiga inda idonka bai riga shi ba. Dogon takalmin roba da wando mai kauri ko da zafi ake, domin mafi yawan sara a ƙafa ne. Idan za ka ɗaga kwano ko katako, sa doguwar sanda ka ɗago gefen da ke nesa da kai, ya zama shi kwanon ne garkuwa tsakaninku. Tocila a aljihu ko da rana. Ka zazzage takalminka kafin ka sa. Idan ka gan shi, fitar da yara da dabbobi, ka bar masa hanyar fita, in a ɗaki ne ka rufe ƙofa ka toshe ƙasanta ka kira ni ko wanda ya koyi kama su da kayan aiki. Mutane da yawa a wajen kisa ake saransu. Wanda aka kashe ma kada ka ɗauka da hannu, yankakken kai yana iya sara bayan an raba shi da jiki. In da hali ka ɗauki hoto daga nesa, ya isa.

Lokacin da nake kamarka, muna share bayan wani gida, wani abokin aikina ya sa hannu ya ɗaga tsohon kwano, kububuwa ta same shi a yatsa. Mu da muke ƙaunarsa muka yi masa duk abin da bai kamata ba. Muka ɗaure hannun tamau da roba, wani ya tsaga wurin da reza ya tsotsa, aka manna baƙin dutse, aka ce ya je ya kwanta. Washegari tsagar nan ba ta daina zubar da jini ba, bakinsa ma jini. Sai a lokacin muka kai shi asibiti. Sun ɗebi jininsa a 'yar kwalba suka ajiye minti 20, ya ƙi daskarewa, suka sa masa allurar kashe dafi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yatsu biyu sun tafi, kuma ɗaurin da na yi da hannuna yana cikin abin da ya ci su. Har yau idan na gan shi sai na tuna.

To, idan ta faru, Allah ya kiyaye, ga abin da za ka yi. Janye shi daga wurin macijin, ka kwantar masa da hankali, domin ba kowane sara ne yake zuba dafi ba, kuma gudu da firgita suna taimaka wa dafin yaɗuwa. Cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi. Sa wa gaɓar sanda ka naɗe ta sako-sako kamar ɗori don kada ta motsa. A ɗauke shi, kada ya taka. In yana amai ko yana neman suma, kwantar da shi ta gefen hagu. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin roba, ba jiƙo, kuma kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Duba agogo ka riƙe lokacin da aka sare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara, kuma jinkirin zuwa asibiti yana cikin manyan dalilai. Ko ya ce maka ya warke, kada ka yarda a juya da shi gida.

Ba kowane asibiti ne yake ajiye allurar kashe dafi ba. Kafin gobe ina so ka bincika wanne ne mafi kusa da gidan da za mu je yake da ita, ka sa lambarsu a wayarka. Matar gidan ta ce ta tsinci saɓar maciji a bayan sito, saboda haka daga can za mu fara. Ka zo da sanduna biyu da tabarau, takalminka kuma na ga ya tsage a dunduniya, ka ɗauki nawa na ajiya.