Kankare Tsohon Fentin Mota a Gida: Tambayoyinku da Amsoshin Gareji

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 haɗin Kaduna. An yi mata fenti ya kai sau uku. Yanzu rufin ya tsattsage kamar busasshiyar fadama, na bonet kuma yana ɓarewa. Ina so in fesa mata da kaina a gida. Dole ne sai na kankare har ƙarfe, ko in goge sama-sama ya isa? Da me zan kankare? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Malam, fentin da ya tsattsage ba a rufe shi. Tsagar ba a sama ta tsaya ba, ta ratsa har ƙasa, duk abin da ka fesa a kai zai bi sahunta cikin 'yan watanni. Rufi da bonet dai sai ƙarfe.

Sauran jikin kuma ka gwada shi tukuna. Jiƙa tsumma da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka ɗora a wani lungu na minti ɗaya. In launin ya narke ya biyo tsumman, ko ya yamutse kamar fatar tsoho, fentin zamani mai hadina (ruwan da ake gaurayawa don fenti ya taurare), wanda ake kira 2K, zai tayar da shi ranar feshi. Shi ma cire shi. In bai motsa ba, kuma babu kumburi ko tsaga, kana iya goge shi da samfefa lamba 320 ka ɗora firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa. Sannan ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Duk inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri a ƙasa, wato ƙullun da ake cike lotsawar mota da shi, ka zagaye wurin da alli. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, da wuya ka samu 504 da ta kai yau ba ta taɓa kwana a hannun fanabita ba.

Kafin komai, wanke motar da garin sabulu, domin in ka goge a kan mai da datti, cusa su za ka yi cikin ƙarfe. Cire bamba, fitilu, marikan ƙofa da duk wani ado mai ƙyalli, kana ɗaukar hoto, kana zuba kusoshin kowane a ledarsa. Robar gilashin gaba da ta baya ita ce maɓoyar tsatsa a wannan mota, amma kada ka yanke tsohuwar sai sabuwa na hannunka.

Ga faffaɗan wuri irin rufi, bonet da murfin but, sinadarin cire fenti ya fi samfefa sauƙi da aminci, don ba ya ɗumama ƙarfe. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma yawancin masu cewa "ba ya aiki" sharuɗɗan suka tsallake. Da farko toshe kowace gaɓa da salatif mai faɗi: tsakanin ƙofa da bodi, lungun magudanar ruwan rufi, ramukan kusoshi. Ka bar kamar santimita 2 daga kowane baki, wannan za ka ƙarasa da hannu. Sinadarin da ya shige gaɓa ba ya fita da wanki. Yana nan kwance, sai rana ta buga sabon fentinka ya tsattsafo ya ɗaga shi daga gefe.

Karce saman fentin da samfefa lamba 80 domin sinadarin ya samu hanyar shiga. Zuba shi da kauri, ka ja buroshi hanya ɗaya, sau ɗaya. Kada ka yi ta kai da komo kamar mai fentin ɗaki: akwai wani siririn kakin da ke tasowa a saman sinadarin ya hana shi bushewa, yawan shafa yana fasa shi. Rufe da leda, ka ba shi minti 15 zuwa 20. In ka ɗaga ledar ka ga fentin ya kumbura ya nannaɗe kamar ganda a wuta, sa abin kankara na roba ka ture shi cikin kwali. Fenti hawa uku ko huɗu yakan so zagaye biyu. Lita ɗaya takan ƙare a kan bonet kaɗai, ka yi lissafin kuɗinka da wannan.

Lokacin aiki kuwa ba abin wasa ba ne a ƙasarmu. Mafi ƙarfin irin wannan sinadari yana ɗauke da metilin kulorayid, a jikin gwangwani wani lokaci DCM za ka gani, kuma yana tafasa ne a wajen digiri 40. Bonet da ya sha ranar azahar a watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba, kana zubawa zai bushe bai ci komai ba. Yi aikinka bayan asuba, a inuwa, a fili mai iska. Ba cikin rufaffen gareji ba ko kusa: tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, jiki kuma yana mayar da shi irin gubar hayaƙin janareta. Saboda mace-macen da ya jawo ne Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a matsayin abin cire fenti a 2019, Tarayyar Turai ma ta riga ta. Siririyar safar hannu ta asibiti ba ta tare shi, nemi mai kauri ta aikin sinadarai, da tabarau, da bokitin ruwa kusa da kai. In ka samu wanda babu DCM a ciki, saye shi. Yana da jinkirin aiki, wani sai ya yi awanni a ƙarƙashin leda, amma ya fi sauƙin hatsari.

Bayan kankara, wanke da abin da gwangwanin ya ce, ruwa ko tina, ka busar nan take. Duk filar da sinadarin ya taɓa ta sha, ba ta da sauran amfani, cire ta gaba ɗaya. Sai ka bi ƙarfen da injin samfefa mai zagaye, lamba 80 sannan 180.

Shawarar da ta fi duk waɗannan: ɓangare ɗaya a rana. Kada ka tuɓe abin da ba za ka iya rufewa da firaima kafin magariba ba.

Tambaya: Wani ya ce in kai Beetle ɗina a yi mata feshin yashi, a gama a yini ɗaya. Wani kuma ya ce giranda ko wutar walda sun isa. Wanne ya fi? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ranka ya daɗe, a jikin motar babu ko ɗaya. Ƙarfen ƙofa da rufi bai kai milimita ɗaya ba. Yashi mai ƙarfi yana dukan fuskarsa har ta miƙe, sai falle ya lanƙwashe ya riƙa yin "ɓos" in ka danna. Gyaran wannan ya fi cire fentin tsada. Feshin yashi ya dace da ƙarƙashin mota, rim da ƙarafa masu kauri, kuma Beetle ta sauƙaƙa maka tunda bodinta da kusoshi aka ɗaure a kan farantin ƙasan motar, ana iya raba su. Ko a nan ma, yashin rafi yana fitar da ƙurar da ke daskarar da huhu, kuma zai maƙale a lunguna ya riƙa zubowa kan ɗanyen fenti.

Dutsen giranda yana cin ƙarfe ya bar rami, wutar walda kuwa tana murɗe falle ta ƙone abin da ke bayansa. Abin da za ka sa wa girandar shi ne faifan cire fenti, baƙi ko shuɗi mai kama da soso. Kada ka danna, kada ka tsaya wuri ɗaya. Ka riƙa ɗora bayan hannu: in ba za ka iya jure zafin ba, koma wani gefen. Ƙarfe ya yi shuɗi, ka riga ka wuce gona da iri.

Tambaya: Na kankare ƙofofi biyu ranar Asabar, aka kwana ana ruwa. Ko da yake a rumfa suke, na wayi gari sun yi ja-ja. Na ɓata su ke nan? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Ba ka ɓata ba, ɗan'uwa. Tsatsar sama ce, a damina awanni kaɗan take buƙata, har shatin yatsunka za ka gani a jiki saboda gishirin gumi. Lamba 180 za ta share ta. Inda ka ga baƙaƙen ɗigo masu zurfi, nan ne aiki: buroshin waya, sannan maganin tsatsa mai ruwan fosforik. Ka wanke shi tas tun bai bushe ba, don ragowarsa na hana firaima kamawa. Inda ya huje, musamman gindin ƙofa, walda ce magani. Fila a kan rami tana shan ruwa ta baya.

Goge da sinadarin cire maiƙo, tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe, ɗaya busasshe yana binsa kafin ya bushe. Ban da fetur da kananzir, suna barin maiƙo. Tsiyaye ruwan da ke tankin kwamfiresa, ka fesa firaimar ifoksi hawa biyu, gaurin kamar yadda gwangwani ya faɗa. Ita ce ke toshe danshi. Firaima mai kauri ruwan toka da ake gogewa tana tsotsar ruwa, mota za ta yi tsatsa a ƙarƙashinta kana ganin kamar lafiya. Fila kuma a kan ifoksin za ta hau.

Tambaya: Maigidana yana goge tsohuwar motarsa a tsakar gida, ƙura ta rufe ko'ina, yara na wasa a wurin. Akwai illa? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma a dakatar yau. Tsohon fentin mota, musamman ja, rawaya da ruwan goro, yana iya ɗauke da dalma. Ku a Zamfara ba sai an yi muku bayani ba: a 2010 ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta kashe ɗaruruwan yara. Ƙurar fenti ba ta kai wancan yawa ba, amma hanyar ɗaya ce, daga ƙasa zuwa hannu zuwa baki.

A fitar da motar daga inda ake girki da wasa. A shimfiɗa leda a ƙarƙashinta, a yayyafa ruwa kafin a kwashe, kada a share a bushe. Shi kuma ya sa takunkumi mai matata, ba ƙyalle ba, ya tuɓe kayan aikin a waje, a wanke su daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Tsakar gidan a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, a zubar da tsumman. In mai rarrafe ya daɗe a cikin ƙurar, ko akwai mai juna biyu a gidan, a je asibiti a nemi gwajin dalma a jini.