Filin Tambaya da Amsa: Birkin mai na tsohon babur, ga laushi ga riƙe taya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da tsohon babur Honda da na gada a wajen yayana, ya kai shekara uku a jingine ba a hawa, birkinsa na gaba irin mai faifai ne mai aiki da mai. Da na tashe shi in na matsa hannun birki sai ya tafi luƙus har ya taɓa hannun mashin, na zuba sabon mai na yi ta bilidin, wato cire iskar da ke cikin birkin, har hannuna ya gaji ya ɗan yi dama-dama, to yanzu kuma wata sabuwa, in na ɗan yi tafiya sai tayar gaba ta fara riƙewa faifan ya yi zafi kamar a soya ƙwai, in ya huce ya saki. Bakanike ya ce sai dai in sayi sabuwar kalifa gaba ɗaya, wato ɓangaren birkin da ke ƙasa mai damƙe faifan. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka ajiye babur ɗin nan, kar ka ƙara hawa shi sai an gyara, tayar gaba in ta kulle kana cikin gudu ba ta ba da sanarwa.

Batun sayen kalifa kuwa, ni dai ban yarda ba tukuna, don abin da ka kwatanta ya fi kama da matsalar sama, wato masta, wannan da ke jikin hannun birki da ɗan tankinta. Buɗe murfin tankin ka tsotse man da sirinji ka leƙa ƙasa da tocila, za ka ga ramuka biyu, ɗaya ɗan babba ɗaya kuma ƙarami sosai kamar bakin allura, wani lokacin ma ba za ka gan shi ba don datti ya rufe shi ruf. To wannan ƙaramin shi ne hanyar da mai ke komawa tanki in ka saki birki. Mai in ya ɗau zafi kumbura yake yi, in ramin a buɗe yake sai rarar ta koma tanki shikenan, in kuwa a toshe yake ba shi da wajen zuwa sai ƙasa, sai ya tura fistin ɗin kalifa, fad, wato takalmin birki, ya goga faifai, zafi ya ƙaru, man ya ƙara kumbura, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har taya ta tsaya cik. Shi ya sa in ya huce yake saki. Kuma toshewar nan ita ce ke sa bilidin ya zama wahala don iskar da ke sama ba ta samun hanyar fita, kaga ciwo ɗaya ne yake ba ka alama biyu.

Ga yadda za ka gane ba tare da ka sayi komai ba. Lokacin da tayar ta riƙe, ka ɗaga gaban babur, ka ɗauki sifana (galibi lamba 8 ce) ka ɗan kwance ƙaramin notin cire iska da ke jikin kalifa. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, to kalifarka lafiyarta lau, matsi ne ya maƙale daga sama. In kana so ka raba gardama tsakanin masta da tiyo, ka sake bari ta riƙe, wannan karon ka kwance babban notin da ya haɗa tiyo da masta, ka tare da tsumma. Ta saki, masta ce. Ba ta saki ba sai da ka kwance na ƙasa, to tiyon ne ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo. In kuwa duk ka kwance amma taya na nan a riƙe, nan ne maganar bakanikenka ta fara shiga, kuma ko a nan ma wanki da canjin roba take so ba jefarwa ba.

Share ramin da siririyar waya, irin silin da ake zarowa daga cikin wayar lantarki, a hankali, ba da ƙusa ba ba da dirila ba, in ka faɗaɗa shi bakinsa zai riƙa yankan robar fistin. Amma tunda shekara uku yana ajiye gara ka kwance mastar gaba ɗaya, akwai ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe fistin, ka cire shi, ka zaro fistin da sifirin ɗinsa ka duba cikin bututun. In sumul yake sai ka sa sabbin robobi, ana sayar da su saiti guda. In tsatsa ta ci shi ta yi ramuka-ramuka, babu robar da za ta riƙe, mastar ce za a canza. Af, ka duba hannun birkin ma, in an taɓa canza shi da wanda ba nasa ba wani yakan danne fistin ɗan kaɗan ko ba ka matsa ba, wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya rufe ramin. Cika tanki maƙil har baki ma yana jawo haka, a bar masa sarari.

Ita kuma kalifa, abin da da yawa ba su sani ba, babu wani sifirin da ke maido da fistin baya, robar da ke zagaye da shi ce ke ɗan lanƙwasa in ka matsa, in ka saki ta miƙe ta jawo shi baya kamar kaurin takarda. Da daɗewa wani farin gari yakan taru a cikin kwarmin da robar ke zaune, ya turo ta waje ta shaƙe fistin. Mutum zai sa sabuwar roba a kan wannan garin ya ce gyara ya ƙi. Sai an kankare kwarmin tas, da tsinken katako ko abin da ba zai karce ƙarfen ba. Fistin kuma ka fito da shi da ƙarfin hannun birki tun kafin ka cire tiyo, kar ka damƙe shi da filaya ka ji masa ciwo. Wajen wanki, man birki mai tsabta ko ruwan wanke birki kawai, fetur da kananzir da baƙin mai kumbura robar birki suke yi, ko ɗigo kar ya taɓa ta.

Sai bilidin ɗin da ya gajiyar da kai. Tsarin dai ka san shi, matsa, riƙe, kwance notin cire iska, ɗaure, sannan ka saki hannu, kar ka bari tanki ya ƙafe in ba haka ba ka koma farko. Inda ake shan wahala shi ne iska sama take so kai kuma kana tura ta ƙasa. Ni na fi son in cika babban sirinji da mai in haɗa shi da ɗan tiyo a notin kalifa in tura daga ƙasa zuwa sama a hankali, za ka ga kumfa na fitowa a tanki ɓul-ɓul. Iska na son laɓewa a wannan babban notin na masta, sai ka juya kan babur yadda tankin zai fi ko'ina tsayi, ka riƙa ɗan taɓa hannun birki kaɗan-kaɗan kana ƙwanƙwasa tiyo da gindin sukudireba. Duk notin tiyo da ka kwance ka sa masa sabbin washa, tsofaffin sun riga sun lotse. Ka rufe tankin fetur da tsumma, man birki cin fenti yake.

In ka gama duk wannan hannu bai yi tauri ba, riƙe tiyo da hannu ɗaya ka matsa birki da ɗayan, in ka ji yana numfashi yana kumbura a tafinka to ƙarfinka a can yake tafiya. Yamaha ma a littattafan baburanta cewa take a canza tiyon birki duk shekara 4, naka kuwa wataƙila da shi ya fito daga kamfani.

Tambaya: Malam a murfin tankin birkina an rubuta DOT 4, na samu man birki mai lamba DOT 5, tunda lambarsa ta fi girma ba ya fi kyau ba?

Amsa: A'a ƙanina, kar ka zuba. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne suna haɗuwa, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya gauraya da su. Abin da murfi ya ce shi za ka bi. Kuma ka sayi ƙaramar gora sabuwa a rufe, don irin wannan man shan danshin iska yake, sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, ka ga a doguwar gangara zai iya tafasa birki ya ɓace maka. Duk shekara 2 a zubar a sa sabo, ko ka ga ya koma baƙi-baƙi tun kafin nan.

Tambaya: Hannun birkina da tauri amma ba ya kamawa sai na matsa da ƙarfin tsiya, ga ƙara kuma.

Amsa: Tunda da tauri, ba iska ba ce. Duba shokozoba ta gaba ɓangaren da faifai yake, in tana yoyo manta ne ke gangarowa kan fad. Fad ɗin da ya sha mai ya tashi aiki, goge shi da samfefa ko ƙona shi da wasu ke yi na kwana biyu ne, man zai sake tsattsafowa. Gyara yoyon tukuna, ka wanke faifan, sannan ka sa sabon fad. Tunda ka tsuguna wajen, ka duba jikin faifan akwai lambar mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce, ka auna ka gani ko bai cinye ya yi ƙasa da ita ba.